Daren da Boilarmu Ta Sha Iska

Ranar Asabar ce, 10 ga Disamba 2022, ranar da Maroko ta fitar da Fotugal daga gasar cin kofin duniya a Katar, shi ya sa kwanan watan bai taɓa ɓace mini ba. Muna falo ni da yara. Tun da En-Nesyri ya tashi sama ya sa ƙwallon nan da ka gab da hutun rabin lokaci, babu wanda ya sake zama daidai a cikinmu. Ana hura usur ɗin ƙarshe, muna ihu kamar da mu aka buga, sai uwargida ta leƙo daga kicin da rigar sanyi biyu a jikinta, ta ce, "Baban yara, ku da kuke tsalle-tsalle ba ku ji ba, amma gidan nan ya huce."

Na kai hannu jikin lagireton ɗumama ɗaki da ke ƙarƙashin taga. Sanyi ƙalau, kamar gindin randa.

Muna zaune ne a gefen garin Dungannon, cikin gundumar Tyrone a Ireland ta Arewa, a gidan haya da muka shiga a watan Satumba na shekarar. Kafin nan a Belfast muke, a ɗan gidan bene mai gas, inda ɗumama ɗaki bai wuce ka murɗa maɓalli a bango ba. A wannan yanki kuwa fiye da rabin gidaje da mai suke ɗumama kansu, domin sai a 1996 bututun gas ya ƙetaro teku daga Scotland, kuma garuruwan yamma sun daɗe suna jira kafin ya iso su. Ko da ya iso Dungannon, bai shigo layinmu ba. Man da ake magana kuma ba wani baƙon abu ba ne, kananzir ne, ɗan'uwan wanda muka taso muna zuba wa aci-balbal da fitilar ƙwai da risho a Funtua. Kowane gida na da koren tankin roba a bayan gida, namu mai cin lita 1,200, a ɗore kan bulo. Siririn bututu ya fito daga gindinsa ya bi ƙarƙashin ƙasa zuwa wani ɗan ɗaki da ke manne da bangon kicin ta waje. A nan tukunyar ɗumama gidan take, wadda kowa ke ce wa boila. Ita ke ƙona kananzir ta dafa ruwa, ruwan ya zaga lagiretocin ɗakuna ya dawo.

Na ɗauki tocila na fita. A watan Disamba ƙarfe huɗu na yamma magariba ta yi a nan, don haka duhu ya riga ya rufa, ciyawar bayan gida ta yi fari fat da ƙanƙara, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Na buɗe ɗakin boila. Wani jan maɓalli na ci da wuta a can ƙasa. Ban yi wani tunani ba na danna. Injin ya yi gunji, na ji fanka ta tashi, aka yi 'yan daƙiƙu, wani abu ya yi "zzz" kamar zanzaro a cikin kwalba, sai ɗif. Jan maɓallin ya sake kamawa. Na sake dannawa. Na kuma dannawa karo na uku, wannan karon da ƙarfi, kamar dai ƙarfin ɗan yatsa ne ya yi ƙaranci.

Zancen mai bai ko zo mini a rai ba, kuma ga dalilina. A jikin tankin akwai wani farin tiyo a tsaye, wanda ake ganin tsayin man a ciki. A watan Oktoba da muka sayi lita 300, direban tankar ya nuna mini inda man ya kai, kusan kashi ɗaya cikin uku na tankin. Duk mako nakan leƙa, in ga yana nan inda yake. Har faɗa wa uwargida na yi cewa mun dace da boila maras ci. Ranar ma na haska tiyon, ga mai nan daram. Sai na yanke hukunci injin ne ya lalace, na kira wakilin mai gidan. Asabar da dare, na'ura ce ta amsa, ta ce in bar saƙo.

Maƙwabcinmu dattijo ne da ya haura saba'in, tsohon direban manyan motoci, shi kaɗai a gidansa. Tun ranar farko ya ce in riƙa kiransa da sunansa gatsau, yadda suke yi a nan, ni kuwa bakina ya kasa. A gidanmu Baba muke ce masa, da ya ji ma'anar kalmar sai ya karɓa. Ya hango hasken tocila ta kan shinge, ya fito da hular ulu ya zagayo. Na fara yi masa bayanin lalacewar injin. Bai ko kalli ɗakin boilar ba. Ya zare wata siririyar gora daga cikin shukokinsa, ya hau bulo, ya buɗe murfin tankin, ya zura ta har ta taɓa ƙasa. Da ya zaro ya miƙa ta gaban tocilata, abin da ya jiƙe bai fi faɗin yatsu uku ba.

Na ce, "Baba, ai ga ma'auni can yana nuna akwai mai."

Ya sunkuya gindin farin tiyon ya ja wani ɗan ƙaramin maɓallin tagulla da ban taɓa lura da shi ba. Ina kallo man da ke cikin tiyon ya zurare ƙasa, suuu, ya ɓace. Ashe tiyon a rufe yake da bawul, don kada tanki ya tsiyaye in tiyon ya fashe. Sai ka ja maɓallin sannan ya daidaita da abin da ke cikin tankin. Wata biyu ke nan ina yi wa rogo kallon kitse, man da direba ya nuna mini tun Oktoba nake ta gaisarwa duk mako. Baba bai yi dariya ba, Allah ya saka masa, amma na ga kafaɗarsa na rawa.

Yatsu ukun da suka rage ma ba na amfani ba ne. Bakin bututun da ke ɗiban man ba a ƙasan tanki yake ba, an ɗaga shi kaɗan da gangan saboda laka da ruwan da ke kwanciya a gindi kada su bi. Da man ya sauka ƙasa da wannan baki, famfon boila sai ya ci gaba da zuƙa, abin da ya samu kuwa iska ce.

Sai Baba ya tambaye ni sau nawa na danna jan maɓallin. Na ce uku. Ya ce daga yanzu hannuna ya bar wurin. Ya yi mini bayani a tsaye cikin sanyin nan, kuma daga baya makanikin boila ya tabbatar mini da kowace kalma. Duk lokacin da ka danna, fanka na fara hura iska ta share ɗakin wutar, sannan famfo ya tura mai ta wani ɗan nozul ya fita kamar feshin turare, wasu ƙarafa biyu masu aikin fulogi su ba da tartsatsi. Akwai wani ɗan ido da ke kallon cikin ɗakin. In bai ga harshen wuta cikin 'yan daƙiƙu ba, sai ya kashe komai ya kunna jan nan. Ba lalacewa ba ce, kariya ce. Wanda ya yi ta dannawa yana jawo ɗaya daga cikin biyu: in akwai ɗan guntun mai a layi, yana tara shi ne a ɗakin wuta ba tare da ya ƙone ba, ranar da ta kama ta kama da duka. In kuma babu, yana juya famfo a bushe, alhali kananzir ɗin ne ke yi masa aikin man shafawa.

Daren nan mun sha shi. Kamfanonin mai duk sun tashi, waɗanda ke karɓar oda ta intanet kuma ranar Laraba suka ba ni mafi kusa, saboda sanyin ya game ƙasar gaba ɗaya, kowa ya tuna da tankinsa a lokaci guda. Na yi odar lita 500 a kan sama da fam 400, ina jin abin har cikin haƙarƙarina. Shekarar ce Rasha ta afka wa Yukren, a watan Maris lita 500 ɗin nan ta haura fam 600, wannan tsoron ne ma ya sa na tsaya a 300 a Oktoba. Muka kwaso katifu muka haɗu a ɗaki ɗaya, mu biyar, da ƙaramar hita ta lantarki. Mitarmu irin ta kati ce, ina kwance ina jin kamar ina ganin kuɗin na sauka. Ban ɓoye ba, tunanin kaskon wuta ya zo mini, domin akwai ragowar gawayin gashin nama a rumbun bayan gida, kuma haka kakata ke yi mana da hunturu. Amma ɗakin kakata na da tagar katako da ƙofar da iska ke wucewa ta ƙasanta. Waɗannan gidaje gilashi biyu-biyu ne, an toshe ko'ina. Hayaƙin gawayi da ba a gani kuma ba ya wari, wanda ke kwashe iyali guda a dare ɗaya in an kwana da janareta a cikin gida, a irin wannan ɗaki ba ya ɓata lokaci. Na bar gawayi inda yake. Abin da ya cece mu wajen alwalar asuba shi ne tankin ruwan zafi na sama yana da nasa ƙarfen lantarki, sai dai shi ma mitar yake ci.

Lahadi da safe Baba ya ce gidajen mai da yawa a nan na sayar da kananzir na gaggawa a jarkoki masu lita 20. Na ce bari in sayo ɗaya mu lallaɓa zuwa Laraba. Ya girgiza kai. Ya ce in dubi faɗin gindin tankin: lita 20 in ta bazu a ciki da ƙyar za ta ɗaga man da faɗin yatsa ɗaya, wataƙila ko bakin bututun ba za ta rufe ba. Uku ne mafi ƙaranci. Gidan mai na farko sun ƙare, na biyu na samu. Kuɗin lita a jarka ya fi na tanka nesa ba kusa ba, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na jera su a but, ɗaya ta ɗan yi yoyo ta murfi, motar ta yi wata guda tana warin risho.

Zuba su ma aiki ne. Bakin tankin ya kai kafaɗata, ga jarka mai nauyi, ga bulo na santsi da ƙanƙara. Babban ɗana ya riƙe mazurari, ni na hau kujerar kicin, yatsuna sun mutu ban ma jin hannun jarkar. Da muka gama na nufi ɗakin boila da saurina, Baba ya ce a'a, mu shiga mu sha shayi. Man da aka zuba daga sama ya tayar da lakar shekara da shekaru da ke gindi, in ka kunna yanzu ita za ka zuƙo ta toshe matata. Muka ba shi sa'a guda ya kwanta.

Bayan sa'ar ya ce in danna sau ɗaya tak, wani lokaci akan dace. Fanka, zanzaro, ɗif, ja. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ga mai na zuba da kuɗina da hannuna, me kuma ake nema?

Lokacin ne wayata ta yi ƙara, yayana ne daga Funtua, ya kira jin lafiyar yara. Shi makanikin injin dizal ne, injin niƙa da na ban ruwa da manyan janareto, shekara kusan talatin yana wannan sana'a. Na juya kyamara na nuna masa, na ba shi labari a gurguje. Bai bari na ƙarasa ba.

"Mai ya ƙare yana cikin aiki?"

"E, Yaya."

"To ai ya sha iska, kai ma! Wannan ko yaron shagona ya sani. Ka zuba mai ka zuba, in ba ka fitar masa da iskar nan ba, sai dai ku kwana a nan. Duk karatun naka?"

Na fassara wa Baba, ya ɗaga babban yatsa ga fuskar da ke cikin wayar, ya ce mutumin nan ya san aikinsa. Abin ya ba ni mamaki, ya kuma ɗan ba ni haushi. Tun jiya nake tsaye gaban injin nan kamar gaban na'urar asibiti, ina tsoron taɓa shi saboda na Turai ne, ashe ciwonsa irin na injin markaɗen unguwarmu ne. Famfon an yi shi ne don tura ruwa-ruwa. Iska kuwa matsuwa take yi ta sake buɗewa, sai ya yi ta juyi a banza ba ya kama komai, ita kuma ta tsaya a bututu ta hana man wucewa.

Inda suka rabu shi ne wajen magani. Yaya ya ce in samo sufana in sassauta notin bututun da ke shiga nozul, yadda yake yi wa nasa injinan. Baba ya ce kul, a wannan ba a taɓa can, masu injin sun tanadi wurin fitar da iska a jikin famfon. Yaya ya ce to a bi ta mai gari, amma kada in kashe wayar. Na jingina ta da bulo yadda zai riƙa gani.

Ga yadda muka yi. Da farko na kashe wutar boilar daga makunnin bango. Muka tattaro kaya: tsummoki, tsohuwar robar man shanu, sukundireba, da damin alanki, ƙarafan nan masu lanƙwasa da kai mai kusurwa shida. Baba ya ce a fara daga tushe. Muka koma tanki ya tabbatar bawul ɗin gindinsa a buɗe yake. Kusa da shi akwai matata a cikin ɗan kofin ƙarfe, ya sassauta ƙaramin sukurun da ke samanta, ta yi ɗan tsaki, mai ya ɓullo, ya ɗaure. Wato man ya kai bakin bututu, jarkoki ukun sun isa. Daga nan muka bi layi zuwa bangon ɗakin boila, inda wani bawul yake na kariyar gobara, wanda ke datse mai da kansa in zafi ya yi yawa a wajen injin. Ya taɓa shi ya ga bai faɗa ba. Ya ce mutane da yawa sun ɓata yini suna neman iska alhali wannan ne a rufe.

Sannan na cire ƙyauren gaban boilar, na kwance sukurun jar robar da ta rufe injin hura wutar. A gefen hagu ga famfon, ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu da bai fi tafin hannu ba, tiyo mai saƙar waya ya shiga ta ƙasansa. A jikinsa akwai kawunan sukuru fiye da ɗaya, kuma a nan ne mutum zai iya jawo wa kansa. Ɗaya na fitar da iska ne, wani kuma kusa da shi na saita ƙarfin da famfo ke tura mai. Wancan na biyun makaniki ne ke saita shi da agogon awo. In ka murɗa shi bisa kuskure, wutar za ta riƙa ci ba daidai ba, ta yi baƙin hayaƙi ta cika injin da kunkunniya, kuma ba za ka iya mayar da shi da ido ba. Baba ya ɗora ɗan yatsansa a kai ya rufe shi ruf, ya ce, "Wannan babu shi a duniya." Littafin boilar na nan a rataye cikin leda a bayan ƙofa, muka buɗe zanen muka gwada da abin da ke gabanmu kafin in sa ƙarfe. Wanda bai da littafin ko wanda ya san injin a kusa, ni dai shawarata ya kira makaniki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na gwada alanki uku kafin na samu wanda ya zauna daidai. Na shimfiɗa tsumma, na tura robar ƙarƙashi, na murɗa hagu. Ya ƙi. Na ƙara ƙarfi, ya saki da ɗan "ƙas". Baba ya ce zagaye ɗaya, in ya yi yawa biyu, kada in kuskura in zare shi gaba ɗaya, domin in ya faɗa bayan injin ko man ya taho da ƙarfi, mayar da shi da daskararrun yatsu wani tashin hankali ne.

Muka jira. A gidan da tanki ya fi boila tudu sosai kuma yake cike, nauyin man kaɗai kan koro iskar, kana tsaye za ka ji tana fita. Namu tudun kaɗan ne, man kuma lita 60 ne a shimfiɗe. Minti biyar, babu ko ɗigo. Daga kan bulo muryar Yaya ta ce, "Ba zai zo da kansa ba, sai an ja shi."

Haka Baba ma ya ce. Za a kunna wuta a bar famfon ya ja, sukurun na sassauce. Ya gargaɗe ni cewa murfi a buɗe yake, kuma abin da ke ba da tartsatsin nan wutarsa dubban bolt ce, don haka hannu ɗaya a kan alanki, ɗayan a aljihu. Na tambaye shi, ba shi ya hana ni danna maɓallin ba? Ya ce jiya ina dannawa ne a makance, yau kuwa an buɗe wa iskar ƙofa. Duk da haka sau uku za mu gwada, da hutu a tsakani. In ba ta yi ba, mu rufe mu jira mai sana'ar.

Ya kunna, ya danna. Fanka ta tashi, sai na ji "fsss, fut, fut" daga gindin alankin, iska zalla, busasshiya, mai warin kananzir. Ɗif, ja. Muka dakata 'yan mintuna. Uwargida ta miƙo mana shayi ta tagar kicin, ta ce, "Sannunku da aiki. Baba, a ƙara sukari?" Ni ba ta tambaye ni ba.

Karo na biyu ya fara da tsaki, sai ga kumfa, fara sol kamar ta sabulun wanki, tana tofowa tana fantsama a hannun rigata. Yaya ya yi kabbara daga Funtua. Ya ce, "Kada ka ɗaure! Kumfa ba mai ba ce. Sai ka ga ya zo garau." Da ni kaɗai ne da na ɗaure a nan, don na ga ruwa-ruwa na ɗauka an gama.

Karo na uku kumfar ta yi ta raguwa, ƙwayoyin iskar suka koma ƙanana, sai man ya miƙe siriri, garau, ba yankewa, yana sauka cikin robar. Baba ya ce, "Yanzu." Na murɗa dama na ɗaure, daidai ƙarfin hannu ba tare da na danne shi kamar notin taya ba. Kafin in gama injin ya sake faɗawa ja, amma wannan bai dame su ba su biyun. Na goge famfon da kewayensa tas, na fitar da robar da jiƙaƙƙun tsummokin waje nesa da injin, na mayar da jan murfin.

Baba ya matsa gefe ya ce ni zan danna. Na yi bismilla. Fanka. Daƙiƙun nan da na riga na haddace tsawonsu. Zanzaro. Sai "bum", wata ƙara mai nauyi da na ji a tafin ƙafata, ta zarce da gurnani. Na leƙa waje, bakin bututun hayaƙi ya tofar da wani baƙin gajimare guda, Baba ya nuna shi da haɓa ya ce wannan danne-dannena ne na jiya. Bayansa sai farin tururi. Can wutar ta yi tari sau ɗaya, gabana ya faɗi, ta kuma miƙe. Ragowar iska ce ta wuce.

Ba mu tafi ba sai da muka tsaya minti goma. Ya sa na sake buɗe murfin bayan na kashe, na naɗa busasshiyar takardar goge hannu a gindin sukurun, muka duba ko za ta jiƙe. Ba ta jiƙe ba. Ya tambaya ko akwai na'urar da ke ƙara in gubar hayaƙi ta taru a gida, na ce akwai a kicin, ya ce in danna ta ya ji da kunnensa. Cikin gida kuwa bututu suka fara ƙas-ƙas, lagireton kicin ya fara ɗaukar ɗumi daga sama, autarmu ta manna bayanta a jiki ta ƙi tashi.

Boila irin tamu na shan kimanin lita 2 a duk sa'ar da wuta ke ci, don haka lita 60 ba ta sakin jiki ba ce, balle wani kaso nata ya tafi wajen cike gindin tanki. Muka riƙa kunnawa sa'a biyu da asuba, uku da yamma, muka rufe lagiretocin ɗakunan da ba kowa. Tsorona kada ta sake ƙafewa a koma gidan jiya, don haka safe da yamma ina kan bulo da gorar Baba.

Laraba da hantsi tanka ta iso. Kafin direban ya ja tiyonsa ya ce in kashe boila, kada kuma in kunna sai bayan sa'a guda ko fiye, saboda lakar nan dai. Da dare Faransa ta ci Maroko biyu da nema, muka kalla a falo mai ɗumi, ba mai tsalle.

A watan Janairu, da tallafin fam 600 da gwamnatin Birtaniya ta ba kowane gida a Ireland ta Arewa saboda tsadar makamashi ya shigo, na kira makaniki mai rajista da OFTEC, hukumar da ke tantance masu aikin boilar mai. Takardar hayarmu ta faɗa ƙarara cewa abin da ƙarewar mai ta jawo ɗan haya ne zai biya, ban tsaya jayayya ba. Ya buɗe matatar tanki ya nuna mini, baƙa ƙirin, kamar an tsoma ta a kwata. Ya canza ta, ya canza nozul, ya goge ɗan idon nan da kunkunniya ta fara rufewa, ya sa agogonsa ya auna famfon. Ya ce famfon ya tsira, amma ya sha canza wa mutane sabo bayan irin wannan, kuma kuɗinsa ya fi na jarkoki uku. Ya tambaya wa ya fitar mini da iskar. Na ce mutum biyu ne, ɗaya a Tyrone ɗaya a Katsina. Ya dube ni, bai nemi ƙarin bayani ba.

Gorar tana nan jingine a bayan ƙofar ɗakin boila, Baba ya bar mini. Na yi mata tsaga uku da wuƙa, ta ƙasan ita ce ta kiran tanka. Duk Juma'a in na dawo daga masallaci uwargida kan ce, "An tsoma sandar?" Farin tiyon ma yanzu na san inda maɓallinsa yake, sai dai mun ɓata da shi.

Yaya kuwa, ƙanwarmu ta ce mini har yau in hira ta yi daɗi a bakin shagonsa, yakan ba da labarin yadda ya tayar da injin Turawa ta waya, Baturen na tsaye yana miƙa masa kaya.